Fim da littafin bana: wanne ya shiga ranka, wanne ya cinye maka mega a banza?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara ta zo ƙarshe, sanyi ya sauka, hira a fada ta fara tsawo. Ina so kowa ya gaya mana fim ko littafin da ya fi shiga ransa bana, da wanda ya yi da-na-sanin lokacin da ya ba shi. Ba dole sai sabon fitowa ba. In dai bana ka kalla ko ka karanta, ya shiga lissafi, ko da ya girme ka. Roƙona ɗaya ne: wanda bai yi maka ba, kada ka kama sunansa ko sunan mai shi, don mutane ne suka zuba kuɗinsu da guminsu. Ka faɗi abin da ya ɓata maka rai a ciki, ya wadatar.

Ni nawa shi ne fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder. Tun 2021 ya fito, sai bana na samu na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne na unguwar Kara-Kara ta Damagaram ake bi da kamara: samarin pale, wato ƙungiyoyin ƴan daba, masu ɗaga ƙarfe, masu shigo da mai daga iyaka, matan da duniya ta juya wa baya. Abin da ya kama ni shi ne bakinsu. Hausarmu ce ta Damagaram, ba wanda ya gyara musu ita. Kuma mai fim ɗin ƴar garin nan ce, shi ya sa suka saki jiki suna gaya mata abin da ba za su gaya wa baƙo ba.

Wanda ya ɓata mini rai wani fim ne na barkwanci daga Kano. An sa ɗan Nijar a matsayin mai gadi, an naɗa masa rawani har ido, duk dariyar fim ɗin a kan yadda yake magana ne da yadda ake yi masa wayo. Mu ne muke sayen fina-finan nan tun zamanin kaset, tun ana ce musu dandalin soyayya. Ya kamata a ce an san mu fiye da haka.

Mai Kabu-kabu

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Kara-Kara aka yanke mini cibiya, har yau can nake kwana. Fim ɗin da ka ambata ba ƙarya a cikinsa, lungunan nan duk na san su. Inda ya fi taɓa ni shi ne wurin bawan Allahn da ya bar harkar pale ya kama kabu-kabu yana neman halak ɗinsa, yana kuma fama da tunanin abin da ya aikata a baya. Na san irinsu da yawa, wasu tare muke jiran fasinja.

Amma Yaya, fim ɗin yana da nauyi gare mu. In na ɗauko baƙo ya ji daga inda nake, tambayarsa ta farko pale ce. Dama unguwar tun asali wurin da aka ware kutare ne, mun tashi mun tarar da wannan tabo, yanzu ga na daba ya hau kai. Alhali akwai masu fita sallar asuba, akwai teloli, akwai uwaye masu sayar da ƙosai su biya wa yara kayan lakwal, wato makarantar boko. Ban ga laifinta ba, fim guda ba zai ɗauke unguwa duka ba. Damuwata ita ce shi kaɗai mutanen waje suka sani game da mu. Don haka shi ne na fi so bana, shi ne kuma ya fi hana ni barci.

Mai Ɗinkin Sabon Gari

Ni abin da na fi so da abin da na fi ƙi duk abu ɗaya ne. Wani fim ne mai dogon zango a YouTube, labarin matar da mijinta ya rasu, dangin miji suka taso mata a kan gida tun ba ta fita takaba ba. Zangon farko, wallahi har keke nake tsayarwa. Nakan jingina waya a kan tebur, ni da yaran shago mu yi shiru. Akwai wurin da surukarta ta shigo ɗaki ta fara ƙirga kwanoni da ido, ba ta ce uffan ba. Duk macen da ta ga rabon gado a gidan yawa ta san wannan kallo.

Daga zango na biyu aka fara ja. A maimaita abin da ya wuce, a sa tallar fili, a sa tallar maganin mata, a nuna mota tun daga bakin titi har mai gadi ya buɗe ƙofa ya rufe, a gaisa a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zo kan magana an ce sai mako mai zuwa. Mugun da aka kama ya fito, wadda aka ce ta mutu ta dawo. Na gane dalilinsu, tunda kasuwar faifai ta mutu, abin da suke samu daga talla ne da yawan masu kallo, in labari ya ƙare abinci ya ƙare. To amma ni ma da kuɗin ɗinki nake sayen forfe na intanet. Ranar da na lura na san abin da kowa zai faɗa kafin ya buɗe baki, ranar na daina. Har yanzu ina jin haushi, don matar nan ta cancanci a ƙare mata labarinta da mutunci.

Mai Turin Fim

Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma ni a shago nake ganin sakamakon. Sana'ata tura fim a waya da kati, kusa da Kasuwar Dole. Da, mace za ta aiko yaro duk mako a sa mata sabon fita. Yanzu da yawa cewa suke in bari sai zango ya cika su karɓa gaba ɗaya, su riƙa tsallake talla. A shagona abin da ya fi tafiya shi ne Indiya-Hausa, kuma ba don rawa ba. Labari ne cikakke a zama ɗaya: an zalunci talaka, an sha wuya, an rama, an tashi.

Wanda na fi so bana daga cikinsu ne. Wani ƙauye ne a kudancin Indiya da rijiyoyinsu suka ƙafe, wani mai kuɗi ya janye ruwan zuwa masana'antarsa, mata suna tafiya mai nisa da tuluna. Ba sai an yi wa Badamagare bayanin wannan ba. Duk wanda ya taɓa tashi tsakar dare don an ce famfo ya kawo, ko ya bi ɗan garuwa yana roƙo da kuɗinsa a hannu cikin watan Afrilu, ya san abin da ke zuciyar matan nan. Na tura wa wani dattijo, washegari ya dawo ya ce in sa wa ƙaninsa.

Wanda na ƙi kuwa, fim ne mai kyau mai fassara ya lalata shi. Uwa tana kuka a kan gawar ɗanta, shi kuma yana sako zolaya don a yi dariya. Fassara amana ce. Akwai masu yin ta da hankali, mutum ɗaya ya yi muryar tsoho da ta yarinya ka manta shi kaɗai ne. Wannan bai ji tausayin labarin ba.

Maman Tagwaye

Malam mai turi, don Allah ku riƙa tambayar yaro wa ya aiko shi. Abin da na ƙi bana a wayar ɗana na gan shi, sara da suka tun daga farko har ƙarshe, jini kamar a mahauta, shi kuma ko shekara goma sha biyu bai cika ba. Kwana biyu yana kwaikwayon jarumin a kan ƙannensa.

Abin da na fi so tsoho ne: guntayen wasannin su Yazi Dogo da ake sawa a Tele Sahel muna yara, wata ƙawata ta turo mini. Hoton ya dushe, amma na zauna da mahaifiyata da yarana muka kalla tare, ba wurin da na ce wani ya rufe ido. Suna taɓa ma'aikacin da ke wulaƙanta talaka, suna taɓa mai son banza, kowa ya yi dariya kuma kowa ya gane da wa ake.

Ɗalibar Tarihi

Tunda kowa fim yake kawowa, bari in shigo da littafi. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, kuma littafin da ya riƙe ni bana shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suke ƙone garuruwa suna tahowa gabas. A aji mun san shekarun da sunayen. Littafin ne ya sa na ji tsoron da ke cikin garin da ya samu labari ana tafe, da gardamar masu cewa a miƙa wuya da masu cewa a tsaya. Ƙagaggen labari ne a kan abin da ya faru, ba kundin tarihi ba, kuma marubucin ya ƙara nasa, amma ya sa na koma na bi sauran zancen: yadda sojojinsu suka kashe shugabannin biyu a yankin Tasawa, sauran rundunar ta wuce ta yi yaƙin Tirmini, ta shigo Damagaram a wannan shekarar, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wato hanyar nan har ƙofar gidanmu ta biyo.

Daga nan na nemi fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. Fim ne mai girma. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar ba da Hausa take magana ba. Littafin ma da Faransanci yake. Kakata, wadda ta fi ni sanin waƙoƙin da, ba ta iya shiga ko ɗaya daga ciki sai na zauna ina mayar mata. Wannan ya tsaya mini a rai. Ga Sarki Tanimu da ya gina ganuwar Birni ya ƙera igwa a garin nan, André Salifou ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa, shi ma da Faransanci. Ga tsohon masallacin Birni da ruwan sama ya rushe a watan Satumba na 2024. Abubuwan suna tafiya, masu ba da labarin da baki suna tafiya.

Wanda na ƙi: wani littafin soyayya da na biya aka sa ni a gurup na WhatsApp. Saurayin yana da jirgin sama nasa, yana wulaƙanta yarinyar, yana marinta, ita kuma ana nuna mana wai so ne yake ƙaruwa. Ƙannenmu mata suna karanta wannan. Ga shi da aka kai tsakiya marubuciyar ta ce sai an ƙara kuɗi.

Tsohon Mushe

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake mini ciwo. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. A garin nan aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji da ake fara koya wa yaro karatu da Hausa kafin Faransanci, a 1973. Na koyar a irin waɗannan azuzuwa, na ga yadda yaro yake buɗe baki ya yi tambaya in da harshen uwarsa ake magana. Matsalar da muka yi ta fama da ita ita ce in ya iya karatun, me zai karanta? Littafin aji ya ƙare, shi ke nan.

Bana, a watan Maris na 2025, an sa hannu a kundin da ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna. Amma ku zagaya masu sayar da littattafai a garin nan ku gani. Na addini suna nan, alhamdu lillahi. Kayan lakwal suna nan. Littafin hira da Hausa kuwa, in ka samu, akasari ta hanyar Matamai ko Magarya ya shigo daga Kano. Ba na ƙin na Kano, da su muka tashi. Ina dai so jikana ya buɗe littafi ya ga Zengo, ya ga duwatsun garin nan, ya ga ana ƙirga kuɗi da dala da jika.

Littafin da na fi jin daɗinsa bana shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga tun ƙarshen shekarun 1930. Na sha karanta shi, amma bana ne na karanta wa jikoki da baki, bayan isha, musamman daren da aka ɗauke wuta waya ta mutu. Ku gwada karanta shi da ƙarfi ku ji. An rubuta shi ne da kunne, jimla tana ƙarewa daidai inda numfashi yake ƙarewa. Dabarar akun da ke cikin littafin ta jan labari don ya tsare yaro kada ya fita, ita ce dai dabarar masu dogon zango da Hajiya mai ɗinki take kuka da su. Bambancin shi ne kowane dare aku yana ba da labari cikakke, mai kai da ƙafa, ba ya cin lokacinka ya sallame ka hannu wofi. Ƙaramar jikata yanzu ita take ɗauko littafin ta ajiye mini a kan tabarma.

Wanda ya ɓata mini rai wani littafi ne da aka turo mini a waya. Labarin ba laifi, rubutun ne ba ƙugiya ko ɗaya, ba aya, ba waƙafi, rabin jimla Ingilishi. Na kasa kai shafi goma. Wanda zai sayar da rubutu ya daure ya ba wani ya duba masa.

Direban Hanyar Agadas

Baba Mushe a gafarce ni, ni ban yi lakwal ba, allo na yi, don haka da kunne nake karatu. Ina sauke littattafan da ake karantawa a YouTube kafin in tashi, don in ka wuce Tanut sai ka yi tafiya mai tsawo ba rezo. Wanda na fi so labarin wani yaro ne da ya tafi ci-rani ya bar amarya, shekara ta koma shekaru, yana jin kunyar dawowa hannu wofi. Na ɗauki irinsa a mota ba adadi, masu zuwa Jado da masu zuwa Libiya. Mai karantawar ma ta iya, ba ta sauri, in an zo wurin kuka ba ta ƙara gishiri. Yaron motata da ba ya son komai sai waƙa, shi yake tuna mini mu ci gaba.

Wanda na ƙi shi ne wanda aka ba na'ura ta karanta. Murya sumul, amma ba ta san inda ake ɗaga harshe da inda ake sauke shi ba, sai ka ji magana ta juye ta zama wata. Na kashe na kama rediyo.

Marubuciya daga Mirya

Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma tunda an zo kan marubutan waya, ina cikinsu. Ƴar uwa ɗaliba, abin da aka yi miki ba daidai ba ne, in an yanka farashi a tsaya a kai. Labarin mari da sunan so kuma ni ma ba na yin sa. Sai dai ina so ku san yadda abin yake daga ɓangarenmu. Da babban yatsa nake rubutu a waya, bayan na gama aikin gida. In na sa babi a gurup na waɗanda suka biya, kafin gari ya waye wata ta kwafe ta watsa shi kyauta. Wani kuma ya ɗauka ya karanta a tasharsa, ko sallama babu. Buga littafi a takarda kuwa, kuɗin da ake nema ba ni da shi.

Baba Mushe, abin da kake nema na gwada bana. Na rubuta labarin wata yarinya mai aikin lambu a Mirya, mahaifinta ya ci bashi a kan gonar, ana so a biya da aurenta. Ba jirgi, ba Dubai, ba gidan sama. Masu karatuna da yawa suka ce in koma irin na da, wai suna karatu ne don su huta da talauci, ba don a tuna musu da shi ba. Ban ga laifinsu ba. Amma waɗanda suka tsaya, saƙonninsu daban ne. Wata daga Gure ta ce labarin yayarta ne sak. Wata ta gyara mini yadda ake ban ruwan albasa, na koma na sake babin. A shekarun da na yi ina rubutu ba a taɓa gyara mini komai a labaran Abuja ba, don ni da masu karatun duk ba wanda ya san gidajen da nake kwatantawa.

Don haka littafin da na fi so bana ba nawa ba ne, na wata ce daga Maraɗi da ta rubuta rayuwar gidan kishiyoyi uku ba tare da ta mai da ko ɗaya mayya ba. Ita ta ba ni ƙarfin hali. In akwai mai duba mini ƙugiya da aya kafin in saki sauran babobin, ina so.

Tsohon Mushe

Ki turo, ƴata. Ido ya yi rauni, amma jikana zai ƙara mini girman rubutun. Babi biyu-biyu za ki riƙa aikowa, in gyara in mayar.

Mai Ɗinkin Sabon Gari

Ni ma a sa ni, zan biya, kuma ba zan tura wa kowa ba. In Baba ya gama dubawa zan riƙa karanta wa yaran shago da rana, akwai biyu daga cikinsu ƴan wajen Mirya ne. Ki dai gaya mini tun yanzu babi nawa ne gaba ɗaya, kuma kin riga kin san yadda zai ƙare?